Ƙashin da Ya Ƙi Kamawa

Tun yana saurayi yake ɗori, a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, inda mahaifinsa ma ya yi nasa. Ba wani abu a ɗakin sai tabarma da benci, da kwandon itatuwan ɗauri da ya feƙe da hannunsa, da kwalbar mai a kan taga. Wanda ya faɗo daga bishiya, wanda babur ya kayar, wanda saniya ta taka, duk nan ake sauke su. Sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane. Kowa Mai Ɗori yake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana.

'Ya'yansa duk sun kama gabansu, saura autarsu. Auta tela ce. Keken ɗinkinta yana ɗakin da ke jikin nasa, bango ɗaya ne tsakani, saboda haka yini ake yi tana jin ihun masu karaya, shi kuma yana jin ƙarar keke. Takan ce ai sana'arsu ɗaya, shi yana haɗa abin da ya karye, ita tana haɗa abin da aka yanka, bambancin kawai nata mutanen ba sa zaginta tana cikin aiki.

"Naki ai sai sun je gida sun gwada suke zagin," in ji shi.

Ciwon ya faro ne da damina, a gwiwarta ta dama, wadda ta fi taka keke da ita. Da ta gaya masa, ya murza wurin, ya shafa mai, ya ce gajiya ce, ta rage aiki. Ta rage na ɗan lokaci, ciwon ya lafa, ta koma, ya dawo. Daga baya wani kumburi ya taso a saman gwiwar, mai tauri, mai ɗumi. Inna, mahaifiyarta, ta gasa da ruwan zafi har ta gaji.

A lokacin, wanda yake son hoton ƙashi sai birni. Yini guda ake yi a mota kan hanyar da ta fi kama da kwari, a kwana a tasha, a wayi gari a bi layi, wataƙila a ce na'ura ta lalace a dawo wani mako. Mutanen garin ba sa zuwa sai abu ya gagara, kuma sai an fitar da dabba kasuwa. Ba wanda zai yi wannan tafiya saboda gwiwar yarinyar da ke tafiya da ƙafarta tana ba'a. Mai Ɗori ma bai kawo ta a ransa ba.

Wata safiya Auta ta fito daga ɗakinta da yadi a hannu za ta duba launinsa a hasken rana. Ba ta yi tuntuɓe ba, ba ta zame ba. Daga dakali ta sauko kawai, ƙafar ta ce ƙas, ta lanƙwashe a ƙarƙashinta.

Shi ya ɗauke ta ya kwantar a tabarmarsa. Ya ja, ya daidaita, ya jera itatuwa, ya naɗe. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ƙashin cinya ne ya karye, kuma a jikin ɗan Adam babu ƙashin da ya kai shi ƙarfi. Ya ga wanda mota ta karya, ya ga wanda gini ya rufto wa, amma bai taɓa ganin wanda dakali ya karya ba. Ya bar wannan a cikinsa, ya ce wa Inna ƙashin yaro ne, nan da nan zai kama.

Auta tana kwance a wannan ɗori aka kawo na'urar hoto ƙaramin asibitin da ke ƙarshen gari. An gyara mata tsohon ɗakin ajiya, an jera faranti masu kama hasken rana a kan rufi, aka kuma turo wata mata siririya mai tabarau ta riƙa aiki da ita. Kafin a san sunanta an riga an laƙaba mata Mai Hoto. Aka ce abin da ake biya bai kai kuɗin kaza ba, kuma idan an ɗauka, ta waya ake tura wa likita a birni ya duba.

Ba ta daɗe da zuwa ba ta zo har ɗakinsa, ta cire takalmi, ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, ba cin kasuwarka na zo yi ba," ta ce. "Roƙo na zo. Idan aka kawo maka mutum, ka fara turo min shi in ɗauka, mu ga abin da ke ciki, sannan ka ɗaure. Wanda ya fi ƙarfinmu ni da kai, mu tura shi gaba."

"'Yata, da can da ba ki zo ba, a karkace mutanen garin nan suke tafiya?"

"A'a. Amma na ga wasu biyu a kasuwa suna ɗingishi."

Ya yi dariya har da tari. Daga bayan bango Auta ta ɗaga murya ta ce waɗannan na wani mai ɗorin ne, ba na babanta ba. Ta kuma ce a gaya wa baƙuwa ta gyara allon ƙofarta, don ƙawayen ita Auta sun ce mai fenti ya manta lanƙwasar da ke kan harafin farko na ƙashi, har tsofaffi suna tambaya ko da kwano ake zuwa da shi. Mai Hoto ta rufe baki tana dariya. Ta so ta leƙa ta gaishe da mai maganar, Auta ta ce a bari sai ta miƙe, ɗakin ba ya shiguwa.

Kwana kaɗan bayan haka aka kawo masa wani lebura da hannu a kumbure. Ya taɓa, ya ce targaɗe ne. Sai kuma son ganin ƙwaƙwaf ya kama shi, ya raka leburan asibiti da kansa. Mai Hoto ta ɗora hannun a kan wani faifai, ta fitar da kowa bayan ƙofa, ta danna wani abu, na'ura ta yi ɗan ƙara. Shi ke nan. Ta kira shi gaban allon kwamfuta.

Ya matsa kusa ya ƙura ido. Ga su nan fari fat, ƙasusuwan da ya shekara arba'in yana lalube a cikin duhun nama, kowanne a mazauninsa, har ƙananan nan na wuyan hannu masu kama da tsakuwa. Ya kai yatsa zai taɓa, ya janye. Mai Hoto ta nuna masa wani siririn layi kamar silin gashi a jikin ɗaya daga cikinsu.

"Ka ga nan? Ya tsage."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe na sha murza karaya ina kiranta targaɗe."

Daga ranar ya zama ɗan gida a ɗakin hoto. Duk wanda aka kawo masa sai ya tura, sau da yawa ya bi bayansa. Yakan dawo ya zauna a bakin katifar Auta ya ba ta labarin abin da ya gani, har da na wani tsoho da aka gano tsohuwar ƙusa a diddigensa. Tana saurare tana dariya, tana ɗinkin hannu don kada ta zauna haka. Amma ya lura dariyar tana gajarta. Ta rame, wuyanta ya fito, abinci sai an yi da gaske. Lokacin da ƙashin mai shekarunta ya kamata ya kama ya zo ya wuce. Da ya kwance ɗaurin don ya sake, ya ga kumburin ya ninka, fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kanta. Ya ɗan motsa ƙafar, ƙashin ya motsa a inda bai kamata ba.

"Gobe za mu je a ɗauki ƙafar nan," ya ce.

"Ba inda za ni, Baba."

"Ba shawara nake nema ba."

"In aka ga 'yar Mai Ɗori a kan bencin asibiti da ƙafa a ɗaure, me kake so a ce? Masu jiran su ga ka kasa suna nan da yawa. Ka ƙara min lokaci, zai kama."

"Su faɗi abin da za su faɗa. Baki nasu ne, ƙafa taki ce."

Inna, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce ita dai tun tuni take son ta yi wannan magana, tsoron ɓacin ransa ya hana ta. Bai juyo ya dube ta ba. Ya san shi ma ya daɗe yana kewaya maganar, yana tura 'ya'yan wasu, yana barin tasa.

Da hantsi ya aro amalanke, aka shimfiɗa katifa, ya tura ta da kansa ta tsakiyar gari. Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa duk wanda ya gaishe shi ya amsa, wanda ya tambaya ya ce hoto za su.

Mai Hoto ta tarbe su da fara'a, ta ce yau ga mai gyaran allo da kanta. Ƙafar ba ta miƙuwa sai an riƙe, saboda haka ta sa masa wata riga mai nauyi mai dalma a ciki, ya tsaya ya tallabe diddigen 'yarsa. Na'ura ta yi ƙararta. Mai Hoto ta koma gaban allo, sai ya ji ta yi shiru. Ya san shirun, don shi ma yakan yi irinsa idan ya taɓa baya ya ji abin da ba ya ɗoruwa.

Ya zagaya ya duba. Ya ga hotunan cinya da dama zuwa lokacin, ya san yadda lafiyayyen ƙashi yake, sumul, da gefe mai kaifi. Wannan daga sama ya faro lafiya, amma da ya kusa gwiwa sai ya zama kamar ginshiƙin da gara ta ci, ga wani abu kamar hayaƙi ya fito ya kewaye shi. Karayar tana tsakiyar ɓarnar, bakinta biyu ko kusa da juna ba su yi niyyar zuwa ba.

"Bari in ɗauki ƙirjinki ma," in ji Mai Hoto.

"Ƙafa ke ciwo, me ya kawo ƙirji?" in ji Auta.

"Tunda kin sha wahalar zuwa, a yi gaba ɗaya."

Hoton ƙirjin bai iya karanta shi ba. Ya dai ga wasu fararen ɗige-ɗige a warwatse, kamar an yarfa ruwan alli a baƙin yadi. Ya tambaya, Mai Hoto ta ce ba huruminta ba ne ta faɗa, ta tura wa likita, su jira.

Bayan azahar likitan ya kira. Mai Hoto ta fito da shi baranda ta miƙa masa wayar. Muryar mutum ce mai nutsuwa, ba ta gaggawa. Ya ce ga dukkan alama ciwon daji ne na ƙashi, shi ya cinye ƙashin har ya karye, ba karayar ce ta kawo shi ba. Sai an kawo ta birni an tabbatar, amma ya shirya wa jin cewa ƙafar ba za ta tsira ba. Ya ce kuma abin da ke huhun ya fi damunsa.

"Likita, ƙafar ta tafi. Ita fa?"

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Baba. Ku zo da wuri."

A hanyar komawa Auta ba ta rufe fuska ba. Ta bari sai da suka wuce kasuwa, suka shiga layin da ba mutane, sannan ta ce ya tsaya.

"Baba, kai ba ka iya ɓoye abu ba. Me ka gani?"

Ya ajiye hannun amalanken ya gaya mata, bai rage komai ba sai maganar huhu. Ta kalli ƙafar ta daɗe. Hawaye suka zubo, ta share da gefen mayafi.

"To ka gani," ta ce. "Ashe ba hannunka ba ne. Ni duk tsorona kada a ce ɗorin ne bai yi ba."

"Da ma ɗorin ne, Auta. Da laifin hannuna ne, da sai a sake karyawa a gyara."

Ya juya mata baya kamar yana duba taya, ya daɗe bai ɗago ba.

Yayyenta suka haɗa abin da suka haɗa, babban ya zo da mota. A birni aka tabbatar da abin da likita ya faɗa, aka yanke ƙafar daga can sama. Aka shiga ba ta wani magani ta jijiya wanda ya zubar mata da gashi, ya hana cikinta riƙe ko ruwa. Mai Ɗori ya zauna a barandar asibitin tare da sauran masu jinya, mutumin da a garinsu ake tashi a ba shi wuri, nan kuwa nas tana ce masa tsoho matsa ka ba mu hanya. Bai damu ba. Abin da ya dame shi shi ne hannayensa, da suke zube a kan cinyarsa ba abin da za su iya yi.

Bayan wasu watanni likitan ya kira shi ofis ya ce maganin ya daina cin ciwon, wahala kawai yake ƙara mata. Ya ba su na rage zafi, ya ce su koma gida, asibitin garinsu zai riƙa ba su idan ya ƙare.

Auta ta dawo da sanduna biyu da ɗankwali ɗaure tamau. Abu na farko da ta nema shi ne a kira mai gyaran keke ya cire matakin ƙafa ya sa mata marfin juyawa da hannu. Aka ɗora kan keken a ƙaramin tebur kusa da katifarta. Ƙarar ta dawo bayan bango, amma ba irin ta da ba. A da kamar ruwan sama take zuba, yanzu sai ta yi kaɗan ta tsaya, tari ya biyo baya, sannan ta ci gaba. Yana ɗakinsa yana ɗaure hannun wani, kunnensa yana can. Idan shirun ya yi tsawo sai ya ce wa mai karaya ya yi haƙuri, ya tashi ya leƙa.

"Ina nan, Baba," takan ce. "Zare nake sawa. Ka koma kafin mutuminka ya gudu da rabin ɗori."

Mai Hoto takan biyo da yamma idan ta tashi aiki, ta kawo maganin, ta zauna su yi hira. Har riga ta kawo a ɗinka mata, ta ce ba gaggawa. Wata rana ya raka ta bakin hanya, ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa.

"'Yata, ki gaya min gaskiya. Da na'urar nan ta zo tun daminar da gwiwar ta fara, da an cece ta?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Ban sani ba, Baba. Irin wannan ciwon yana da sauri. Wataƙila da an rasa ƙafar an sami ita. Wataƙila kuma da haka za a yi. Ba zan ce maka a'a ba don in sanyaya maka rai."

"Da na kawo ta ranar da kika fara zuwa fa?"

"Wannan na tambayi likita da kaina. Ya ce abin da ke huhun ya girmi zuwana."

Ya gyaɗa kai ya yi mata godiya. Bai san ko sauƙi ya ji ko nauyi ba.

Auta ta rasu da rana tsaka, kanta a kan cinyar Inna, shi yana riƙe da hannunta. Numfashin ne ya yi ta gajarta har ya tsaya. Keken yana gefe da hannun wata riga a ƙarƙashin allura.

Da masu gaisuwa suka ragu, matan da suka kawo ɗinki suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna jin nauyin tambaya. Inna ta fito da ƙunshin yadukan ta baje a tabarma, don ita da Mai Ɗori ba su san wanne ne na wa ba. Kowace ta ɗauki nata, wata an gama, wata an yanka, wata ko taɓawa ba a yi ba. Wata ta rungume tata rigar ta fashe da kuka, sai da Inna ta koma ba ta haƙuri.

Ƙunshi ɗaya ya rage ba mai shi. Yadin maza ne ruwan toka, an yanka shi tsaf, gaba da baya da hannuwa da aljihu, layin alli yana nan a jiki. Inna ta ce na Mai Ɗori ne. Auta ta aika a sayo mata bayan sun dawo daga birni, ta ce rigunansa duk sun koɗe, kada a gaya masa sai ta gama.

Ya bar shi a kan benci har aka kwana biyu, sannan ya naɗe ya kai wa wani tela a kasuwa. Telan ya baje yankan a kan tebur, ya yaba hannun da ya yi shi, ya ɗauko tef ya auna kafaɗar Mai Ɗori da ƙirjinsa. Ya sake duba yadin.

"Baba, wannan ai ta yi maka yawa sosai. Da tsohon awonka aka yanka, ga shi ka rame. Bari in rage ta ta gefe."

"A'a," in ji Mai Ɗori. "Ka ɗinka ta yadda ta yanka."